Karon Dreux na 1562: juyin rinjaye a fagen daga da matsalar fassara kalmar «victoire»

Taƙaitawa

Wannan takarda tana bayani a kan karon da aka yi kusa da garin Dreux, a ƙasar Faransa, ranar 19 ga watan Disamba 1562, wanda shi ne babban karo na farko a yaƙin basasar addini na ƙasar. Mun bi yadda rinjaye ya yi ta sake hannu tun tsakar rana har duhu, muka nemi dalilin haka a cikin tsarin rundunonin biyu. Daga nan muka nuna cewa kalmar Faransanci victoire ta haɗe abubuwan da Hausa take iya rarrabewa, kuma wajibi ne mai fassara ya rarrabe su.

0. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama don mayar da darasin tarihi daga Faransanci zuwa Hausa ya san inda ƙafa take saurin zamewa. Littattafan makaranta sukan jera yaƙe-yaƙe a layi: shekara kaza, wuri kaza, victoire ta wane. Mai fassara sai ya rubuta «nasara», ya wuce gaba. Amma ɗalibi mai lura ba zai rasa tambaya ba. In har rundunar sarkin Faransa ta yi nasara a Dreux a 1562, da Saint-Denis a 1567, da Jarnac da Moncontour a 1569, me ya sa duk lokacin da aka zauna sulhu sai an bar wa waɗanda aka ce an ci damar yin ibadarsu? Wace irin nasara ce wannan, wadda mai ita ne yake sassautawa?

Ƙamus ba zai amsa wannan tambaya ba. Sai an koma fagen daga an ga abin da ya wakana sa'a bayan sa'a. Mun zaɓi Dreux saboda dalili biyu. Na farko, a nan ne juyin rinjaye ya fi fitowa fili, har ya kai ga kowace runduna ta kama shugaban ɗayar a yini guda. Na biyu, waɗanda suka rayu a zamanin sun bar bayani a kai, musamman François de La Noue, wanda ya yi faɗan a ɓangaren Furotesta, da kuma Montaigne, wanda ya keɓe wa karon ɗan gajeren babi a littafinsa Essais.

A duk tsawon takardar za mu yi amfani da «karo» a madadin bataille, «yaƙi» kuma a madadin guerre, ko da yake a maganar yau da kullum kalmar «yaƙi» tana ɗaukar duka biyun.

1. Wasu kalmomi da muƙamai

«Yaƙin basasa» shi ne abin da muke fassara guerre civile da shi. Ana danganta kalmar da yaƙin Basus na Larabawan jahiliyya, tsakanin ƙabilun Bakr da Taglib, waɗanda tsatsonsu ɗaya ne. A ƙasar Hausa kuwa sunan ya zauna a kan rikicin sarautar Kano na 1893 zuwa 1895, tsakanin Tukurawa da Yusufawa. Kalmar Faransanci ta fito daga Latin civis, ɗan gari, tana nuni ga faɗan ƴan ƙasa ɗaya. Tamu ta fi kusa da faɗan ƴan gida ɗaya, kuma ita ce ta fi dacewa da shugabannin 1562.

Ga misali. Shugaban rundunar sarki, Anne de Montmorency, kawun Gaspard de Coligny ne, wato ɗan'uwan mahaifiyarsa. Coligny kuwa shi ne na biyu a rundunar Furotesta. Shugaban Furotesta, yariman Condé, shi da François de Guise, jigon Katolika, taubasai ne, domin uban Condé da uwar Guise uwa ɗaya uba ɗaya suke. Yayan Condé ma, Antoine de Bourbon, sarkin Navarre, a ɓangaren Katolika ya yi yaƙi, kuma a can ya samu raunin da ya kashe shi wata ɗaya kafin Dreux.

Muƙaman ma suna buƙatar bayani. Montmorency connétable ne, daga Latin comes stabuli, mai kula da bargar sarki. Sarautar da ta fi kusa da wannan a wajenmu, ta fuskar asali da ta aiki, ita ce Madawaki. Coligny amiral ne, kalmar da ta samo tushe daga Larabci amir, amma a ƙasa ya yi yaƙe-yaƙensa, ba a teku ba. Gendarme na ƙarni na 16 kuma ba jandarman da muka sani a bakin hanya ba ne: barde ne mai sulken ƙarfe da dogon mashi, galibi ɗan gidan sarauta. Reître da lansquenet aro ne daga Jamusanci, Reiter da Landsknecht, mahayi da dakare, dukansu sojojin haya. A ƙarshe, mutanen zamanin sukan kira karo guda journée, wato yini. Wannan suna yana da muhimmanci ga abin da zai biyo baya, domin hukuncin karo a wajensu hukuncin yini ne, ana yanke shi da faɗuwar rana.

2. Hanyar zuwa Dreux

A 1562 sarki Charles na 9 yaro ne ɗan shekara 12, mulki yana hannun mahaifiyarsa Catherine de Médicis. Baitulmali kuwa babu kome ciki: bashin da aka bayyana wa taron wakilan ƙasa a Orléans a 1560-1561 ya kai wajen livres miliyan 43. A watan Janairu 1562 Catherine ta fitar da dokar da ta yarje wa Furotesta yin ibada a wajen ganuwar birane. Ranar 1 ga Maris mutanen Guise suka afka wa masu ibada a Wassy, suka kashe da dama. Ranar 2 ga Afrilu Condé ya kama Orléans, ya mai da shi sansaninsa.

Kowane ɓangare sai ya nemi gudummawa daga waje. Sarauniyar Ingila, Elizabeth ta 1, ta yi wa Furotesta alkawarin soja 6.000 da kuɗi a yarjejeniyar Hampton Court ta watan Satumba, aka ba ta tashar jiragen ruwa ta Le Havre jingina. D'Andelot, ƙanen Coligny, ya ɗauko mahaya da dakaru daga Jamus. Sarki kuma ya ɗauki Suwisawa da Jamusawa haya, sarkin Ispaniya ya aiko masa da dakaru.

A watan Nuwamba Condé ya nufi Paris, amma bai da ƙarfin shiga. Jamusawansa suna ta ƙorafin albashi, kuɗin Ingila kuwa suna can bakin teku. Sai ya juya ya nufi Normandie. Rundunar sarki ta bi shi, ta ƙetare kogin Eure da dare, ta tare masa hanya a wani fili kudu da Dreux, kimanin kilomita 80 yamma da Paris. Abin lura a nan shi ne, Condé bai fito neman karo ba. Albashin sojojinsa ya fito nema.

3. Rundunoni biyu, kowace da gurguwar ƙafa

Ƙididdigar da masana tarihi suka fi yarda da ita tana ba rundunar sarki dakaru wajen 16.500 da mahaya 2.500, tana ba Furotesta dakaru wajen 8.500 da mahaya 4.500. Waɗannan lambobi su ne mabuɗin yinin baki ɗaya. Sarki ya kusa ninka abokan gabansa a dakaru, su kuma sun kusa ninka shi a dawaki.

Kowane iri yana da abin da yake iyawa da abin da ba ya iyawa. Mahaya suna karya sahu, suna kora, amma ba su riƙe wuri. In sun yi sukuwa sau ɗaya ko sau biyu, dawaki sun gaji, masu sun kakkarye, sahu ya watse, kuma tattara su aiki ne mai cin lokaci. Dakarun zamanin kuma sukan tsaya a dunƙule, murabba'i guda na mutum dubbai, riƙe da mashi mai tsawon kimanin mita 5, ƴan bindiga mai lagwani suna gefe. Irin wannan dunƙule yana da wuyar fasawa, amma ba ya iya bin wanda ya gudu a kan doki. Saboda haka rundunar da ta fi dawaki ita ce za ta fara rinjaye, wadda ta fi dakaru ita ce za ta rage a fili da yamma, kuma babu wadda za ta iya gamawa da ɗayar.

Montmorency, tsoho mai shekara 69, ya ja daga tsakanin ƙauyuka biyu. Shi da kansa ya riƙe hagu, wajen Blainville. Suwisawa wajen 6.000 suna tsakiya. Dama kuma, wajen Épinay, tana hannun maréchal Saint-André, tare da dakarun Ispaniya da na Gascogne da tsoffin sojojin Faransa. Itatuwa da gidajen ƙauyen sun ɓoye wani sashe nasu. Guise yana can dama, amma a hukumance ba shi da wani muƙami a rundunar, baradensa kawai yake jagoranta.

La Noue ya ba da labarin cewa rundunonin sun daɗe suna kallon juna, wajen sa'a biyu, ba tare da ƴan ƙananan hare-haren da aka saba buɗe karo da su ba, kowa yana tunanin cewa waɗanda ke gabansa Faransawa ne, cikinsu har da dangi da abokai.

4. Yinin 19 ga Disamba

4.1. Sukuwar farko

Wajen tsakar rana mahayan Furotesta suka taso. Condé ya afka wa Suwisawa, Coligny ya afka wa hagu. Hagun bai jure ba. Baraden Montmorency suka watse, dakarun da ke kusa da su suka zubar da makamai, shi kansa aka harbe shi a muƙamuƙi, aka kama shi, nan take aka tasa shi zuwa Orléans. Ɗansa Montberon ya mutu a wurin. Cikin ƙasa da sa'a guda rundunar sarki ta rasa shugabanta da kusan rabin sahunta.

Waɗanda suka tsere suka kai labari Paris cewa an ci sarki. Ana ba da labari cewa da Catherine ta ji, sai ta ce ashe nan gaba da Faransanci za a riƙa roƙon Allah, tun da Furotesta da harshen gida suke ibada, Katolika kuwa da Latin. Da an rubuta tarihin karon a wannan sa'a, da Condé ne mai victoire.

Amma a daidai nan rinjayen ya fara zubewa. Wani sashe na mahayan, musamman Jamusawan da ba a biya ba, suka bi masu gudu, suka faɗa wa kayan rundunar sarki suna kwasar ganima. Hannun da ya kamata ya ƙarasa aiki ya tafi wani wuri.

4.2. Tsayuwar Suwisawa

Sukuwar Condé ta ratsa Suwisawa, amma ba su watse ba. Suka sake haɗe sahu. Aka sake kawo musu hari, barade da masu, mahayan Jamus da ƙananan bindigogin hannu, suka sake haɗewa. Aka turo musu dakarun Jamus, waɗanda tsohuwar gaba ce tsakaninsu, sai Suwisawan suka taso musu, suka kore su. Kanar ɗinsu ya mutu tare da hafsoshi da yawa, Ludwig Pfyffer ya karɓi jagoranci. Daga ƙarshe suka ja da baya a hankali zuwa dama, sahunsu bai karye ba.

Suwisawa ba su ci kowa ba a wannan mataki. Abin da suka yi shi ne cinye lokaci da ƙarfin dawakin Furotesta. Akwai kuma abin mamaki ga mai nazarin harshe: sunan da aka laƙaba wa Furotestan Faransa, huguenots, yawancin masana suna ganin ya fito ne daga Eidgenossen, wato ƴan ƙawancen Suwis. Ga shi kuwa Suwisawan garuruwan Katolika ne suka hana su cin yinin.

4.3. Haƙurin Guise

Duk wannan abu yana faruwa, dama ba ta motsa ba. Guise yana kallo ana karya Montmorency, yana kallo ana dukan Suwisawa. Sai da ya ga mahayan Furotesta sun watse, dawakinsu sun gaji, sannan shi da Saint-André suka taso da mutanen da ba su taɓa faɗa ba tun safe. Dakarun Furotesta, waɗanda babu dawakin da za su kare su, suka fashe. Jamusawa masu yawa suka miƙa wuya. Condé ya yi ƙoƙarin tsai da masu gudu, aka raunata dokinsa, aka kama shi. Wanda ya karɓi takobinsa kuwa Damville ne, ɗan Montmorency. Reshe ya juye da mujiya.

Tun a zamanin an yi gardama a kan wannan jinkiri. Wasu suka ce Guise da gangan ya bari a ci Montmorency, domin tsohuwar kishiya ce tsakanin gidajen biyu. Montaigne ya kare shi, yana mai cewa abin da ya kamata shugaba ya sa a gaba shi ne sakamakon karon gaba ɗaya, kada wani abu na gefe ya ɗauke masa hankali. Ba mu da hanyar shiga zuciyar Guise, amma lissafin sashe na 3 yana goyon bayan Montaigne: mai ƙarancin dawaki in ya fito da su da wuri, tare da na hagu za a kore su.

4.4. Dawowar Coligny

Rundunar sarki ta ɗauka an gama. Ashe Coligny ya tattara mahaya sama da dubu a bayan wani kurmi. Wajen la'asar ya fito musu ba zato. Baraden sarki suka sake karyewa. Aka kama Saint-André, sai wani mai tsohuwar ƙullata da shi ya harbe shi har lahira bayan ya miƙa wuya. Saura kaɗan yinin ya sake komawa hannun Furotesta.

Abin da ya ceci Guise dakaru ne. Tsoffin sojojin Faransa da ya ajiye baya suka tsaya a dunƙule, suka buɗe wuta. Coligny ba shi da sauran dakarun da zai tura musu, baradensa kuma babu masu. Duhu ya shigo, ya janye mutanensa cikin tsari, ba wanda ya iya bin sa. An yi wajen sa'a biyar ana faɗa, abin da La Noue ya lissafa cikin abubuwan mamaki na yinin, domin karon zamanin bai cika kai haka ba. Mutum aƙalla 6.000 suka mutu daga cikin sama da 30.000.

Da dare Guise ya karɓi taubashinsa Condé, suka ci abinci tare, kuma saboda an wawashe kayan sansani, gado ɗaya suka kwana.

5. Wa ya ci?

Bisa ga al'adar zamanin amsar a fili take. Wanda ya kwana a fagen daga, ya binne matattu, ya tara tutocin abokan gaba, shi ne mai yinin. Guise ya cika waɗannan sharuɗɗa. Aka yi addu'o'in godiya a majami'un Paris, aka naɗa shi muƙaddashin sarki a kan dukkan rundunoni.

Amma in aka duba abin da kowa ya fita da shi, lissafin ya sake. A cikin shugabanni uku na Katolika, ɗaya yana tsare, ɗaya ya mutu. Baraden sarki, waɗanda su ne mafi tsada da wuyar mayewa, sun yi mummunar asara. Coligny ya rasa dakaru, amma dawakinsa suna nan. Da su ya shiga Normandie, ya karɓi kuɗin Ingila, ya kama Caen a watan Maris 1563. Wato abin da Furotesta suka fito nema tun farko sun same shi, sai dai a makare.

Guise kuma ya tafi ya yi wa Orléans zobe, d'Andelot yana ciki. Ranar 18 ga Fabrairu 1563 wani Furotesta, Poltrot de Méré, ya harbe shi daga baya; ya mutu ranar 24. Wata biyu da ƴan kwanaki ke nan bayan Dreux. Da mutuwarsa Catherine ta samu sarari. Aka fito da kamammun nan biyu, Condé da Montmorency, aka haɗa su a wani tsibiri na kogin Loire kusa da Orléans, su suka tsara sulhu. Dokar Amboise ta 19 ga Maris 1563 ta ba kowa ƴancin riƙe aƙidarsa, ta yarje wa manyan masu sarauta yin ibadar Furotesta a gidajensu, ta ware wa sauran jama'a gefen gari ɗaya a kowace gunduma, ban da Paris. Coligny bai ji daɗinta ba, masu zafin Katolika ma haka. A watan Yuli na wannan shekara Montmorency da Condé suka tafi tare suka ƙwato Le Havre daga hannun Ingilishi.

6. Abin da ya biyo baya

Dreux ba ita kaɗai ba ce. A Saint-Denis, ranar 10 ga Nuwamba 1567, rundunar sarki ta riƙe fage, amma Montmorency ya samu raunin da ya kashe shi, sulhun Longjumeau na Maris 1568 kuma ya maido da dokar Amboise. A Jarnac, ranar 13 ga Maris 1569, aka kashe Condé bayan ya miƙa wuya. A Moncontour, ranar 3 ga Oktoba na wannan shekara, aka yi wa Coligny mummunan duka. Amma rundunar sarki ta tsaya makonni a gindin ganuwar Saint-Jean-d'Angély, cuta da rashin albashi suka cinye ta, Coligny ya zagaya ta kudu ya sake tara mutane. Sulhun Saint-Germain na 8 ga Agusta 1570 ya ba Furotesta garuruwa huɗu masu ganuwa: La Rochelle, Cognac, Montauban da La Charité. Ba a fagen daga aka kashe Coligny ba, a masaukinsa ne a Paris, ranar 24 ga Agusta 1572, a kisan kiyashin Saint-Barthélemy.

Da rinjaye ya koma ɗaya ɓangaren ma haka abin ya kasance. Henri de Navarre, ɗan Antoine de Bourbon, ya karya rundunar Joyeuse a Coutras ranar 20 ga Oktoba 1587, amma cikin makonni biyar Henri de Guise, ɗan François, ya tarwatsa Jamusawan da suka zo masa gudummawa a Vimory da Auneau. Bayan ya zama sarki Henri na 4, ya ci karon Ivry ranar 14 ga Maris 1590, a bakin wannan kogi na Eure, ba nisa da Dreux. Ya yi wa Paris zobe har yunwa ta kashe dubban mutane, sai rundunar Ispaniya ƙarƙashin Alexandre Farnèse ta zo ta tilasta masa janyewa. Ƙofofin Paris ba su buɗe masa ba sai ranar 22 ga Maris 1594, bayan ya koma Katolika ranar 25 ga Yuli 1593. Dokar Nantes ta Afrilu 1598 ce ta rufe yaƙin, shekara 36 bayan Wassy.

Dalilai uku ne suke maimaituwa a duk waɗannan misalai. Na farko, kuɗi: rundunar haya takan narke in albashi ya yanke, ko ta ci ko an ci ta. Na biyu, ganuwa: karo yini guda ne, amma gari mai ganuwa yana cin watanni, garuruwan kuwa suna da yawa. Na uku, shugabanni: tun da su da kansu suke shiga sukuwa, mutuwa ko kamun mutum ɗaya yana iya sake lissafin siyasa fiye da mutuwar dakaru dubu.

7. Kammalawa: shawara ga masu fassara

Mu koma ga tambayar da muka faro da ita. Victoire suna ne, yana iya tsayawa shi kaɗai ba tare da an faɗi abin da aka samu ba. «Nasara» ma haka take. Asalinta Larabci ne, nasr, taimako, musamman taimakon Allah, kuma a wannan fuska ta dace da tunanin mutanen 1562, waɗanda kowane ɓangare yake karanta sakamakon karo a matsayin hukuncin Ubangiji. Amma a bakin mai bayanin tarihi tana rufe abin da ya kamata ta buɗe.

Hausa tana da wasu kayan aiki. «Rinjaye» daga ma'auni yake, gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi, kuma kowa ya san ma'auni yana komawa. Aikatau «ci» kuma yana neman karɓau: a ci gari, a ci kasuwa, a ci amana, mai magana ba ya tsira sai ya faɗi abin da aka ci. Saboda haka muna ba da shawarar a rarrabe matakai huɗu, kamar yadda waɗannan jimloli suke nunawa:

(1) Da tsakar rana Furotesta suka rinjayi rundunar sarki.
(2) Da dare Guise ne ya riƙe fage.
(3) Ba a karya rundunar Coligny ba.
(4) Babu ɓangaren da ya ci yaƙin 1562-1563. Sulhu aka yi.

Jimla ta (1) tana magana a kan sa'a, ta (2) a kan yini, wato journée, ta (3) a kan ko abokin gaba zai iya sake fitowa, ta (4) a kan wanda ya shimfiɗa sharuɗɗansa a ƙarshe. Duka huɗun gaskiya ne game da Dreux a lokaci guda, kuma babu wadda take warware wata. Littafin da ya ce «nasarar Katolika a Dreux» jimla ta (2) kawai ya fassara.

Ba muna cewa a kori «nasara» daga littattafan tarihi ba ne. Tana da wurinta in ana kawo yadda mutanen zamanin suka ɗauki abin, ko in matakan huɗu sun haɗu a hannu ɗaya. Abin da muke nema shi ne, kafin mai fassara ya rubuta ta, ya koma ga labarin karon ya tambayi kansa wanne daga cikin huɗun marubucin Faransanci yake nufi. Ya kamata kuma a gwada wannan rarrabewa a kan labaran yaƙi da aka tattara da Hausa daga bakin tsofaffi, don a ga ko masu ba da labarin da kansu suna bambanta «kora» da «karya» da «ci», da kuma irin karɓau da kowane ɗayansu yake ɗauka. Wannan aiki ne da ɗalibai masu shirya kundin bincike za su iya ɗauka.